Indomin salansar motarka ya mutu: ka canja da kanka ko ka kai gareji?

Sienna ce da ni, ƙirar 2005, mai silinda shida, ina ɗaukar kaya da ita wani lokacin har da fasinja tsakanin Kano da Zariya. Wata rana da lodi na wuce Kwanar Dangora kenan sai na ji motar ta fara nauyi, ina taka totur har ƙasa inji na ihu amma gudun ya ƙi wuce 80, ga wani wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai yana shigowa ta taga. Washegari na kai ta gareji. Bakaniken ko bonet bai buɗe ba, ya durƙusa ya ɗan bubbuga salansa da bayan sifana ya ce "Alhaji indomi ne ya toshe, a fasa a zubar kawai, mota za ta saki." Kafin in ce wani abu yaronsa har ya ɗauko leda ya shimfiɗa a ƙarƙashin motar. Wannan ledar ce ta sa na ce a dakata, don abin da za a zubar ba a tanadar masa leda.

To ga wanda bai sani ba, abin da makanikai ke ce wa indomi shi ne katalis, wata 'yar tukunyar ƙarfe da ke jikin bututun salansa kusa da inji. A cikinta akwai wani abu kamar saƙar zuma da aka yi da yumɓu na musamman, ƙananan ƙofofi ne jere da juna, idan ka kalle shi sak dunƙulen indomi da ba a dafa ba, daga nan sunan ya samo asali. An shafe ƙofofin da ƙarafa uku masu tsadar gaske, filatinom da faladiyom da rodiyom, su ne idan suka ɗau zafi suke juya gubar hayaƙi, wato iskar nan mai kashe mutane a ɗakin da aka kunna janareta da ragowar fetur ɗin da bai ƙone ba, su mayar da su abin da bai kai haka illa ba. A Amurka tun motocin 1975 aka fara saka shi. Rodiyom ɗin nan a 2021 sai da farashin oza ɗaya ya kusa dala 30,000, shi ya sa 'yan gwangwan ke sayen ko da garin indomin ne, shi ya sa kuma a Ingila da Amurka ɓarayi ke shiga ƙarƙashin mota da zarto cikin dare su yanke shi. Mu nan ba sai an yi dare ba, a gareji ake yi da rana tsaka mai mota yana zaune kan benci yana danna waya.

Kafin ka sayi komai, tabbatar shi ne

Wannan shi ne matakin da mutane ke tsallakewa kuma nan kuɗi ke zubewa. Duk motar fetur da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996 tana da wata kafa a ƙarƙashin sitiyari da ake jona na'urar duba mota, ana ce mata OBD2. Ƙaramar na'urar da ke haɗuwa da waya ta bulutut ba ta da wani tsada, ko ka je wurin masu duba mota da kwamfuta su jona maka, amma ka ce a nuna maka lambar matsalar da kwamfutar motar ta ajiye, ka gani da idonka ka rubuta. P0420 na nufin katalis ɗin ɓangare na ɗaya ba ya aiki yadda ya kamata, P0430 kuma ɓangare na biyu. Hiace mai injin 2TR, wadda muke ce wa homa bos, silinda huɗu ce a layi ɗaya, don haka P0420 kawai za ka gani. A Sienna mai silinda shida ɓangare na ɗaya shi ne na baya, wanda ke jingine da jikin motar ta wajen dashbod, na biyu shi ne na gaba kusa da lagireto. Ka riƙe wannan da kyau don shi ne zai yanke maka hukuncin ko aikin na hannunka ne.

Amma fa lambar P0420 ba hukuncin kisa ba ce. Kwamfutar motar ba ta ganin cikin katalis, sansa biyu take saurara, wato 'yan na'urorin da ke auna iskar oksijin a cikin hayaƙi, ɗaya kafin tukunyar ɗaya bayanta. Idan indomin na da lafiya sansar baya za ta zauna kusan wuri ɗaya, wajen bolt 0.6 zuwa 0.8, idan kuwa ya mutu za ka ga tana ta hawa da sauka da sauri. To ɗan tsagewa a bututu kusa da sansar, ko gaskit da ya ƙone yana shan iska, ko ita kanta sansar da ta tsufa, duk suna iya jawo wannan lamba alhali indomin lafiyarsa ƙalau. Da safe kafin mota ta ɗau zafi ka tayar da ita ka tsuguna ka saurara, idan kana jin "fit fit fit" ta ƙasa ko ka ga baƙin tabon hayaƙi a wurin haɗin bututu, fara gyara wannan tukuna.

Sannan mutuwar indomi kala biyu ce, mutane na haɗa su wuri ɗaya. Akwai wanda ƙarafan jikinsa suka gaji, hayaƙi na wucewa lafiya, mota na gudu daidai, wutar cek inji ce kawai a kunne. Wannan ba na gaggawa ba ne, za ka iya tara kuɗi a hankali. Akwai kuma wanda ya narke ko ya farfashe ya toshe hanya, shi ne mota ke rasa ƙarfi a kan tudu, ta riƙa shan mai, ƙasan motar ya yi zafi har ka ji a tafin ƙafa. Don gane farfashewa, idan mota ta huce ka dunƙule hannu ka bugi tukunyar, in ka ji kamar tsakuwa a gwangwani to ya fashe. Don gane toshewa kuma akwai dabara mai sauƙi, a kwance sansar gaba a bar ramin a buɗe a ɗan zagaya da motar na minti biyu ko uku, ƙara za ta yi sosai, amma idan ƙarfinta ya dawo to hanyar hayaƙi ce a toshe. Kar a daɗe, hayaƙi mai zafi ne ke fita ta ramin zai iya ƙona waya. Masu kayan aiki agogon awon iska suke ɗaurawa a wannan ramin, idan inji na juyi 2,500 a minti agogon ya haura psi 3, wato ma'aunin matsin iska, akwai toshewa.

Me ya kashe shi?

Indomi ba ya cika mutuwa haka kawai, kashe shi ake yi. Nawa koyil ɗaya, mai ba fulogi wuta, shi ne ya lalace na yi kusan wata biyu ina tuƙi mota na karkarwa a silo ina cewa sai ƙarshen wata, ashe ɗanyen fetur ne ke ta sauka cikin salansa yana ƙonewa a cikin tukunyar har ya narkar da ita. Idan ka taɓa ganin wutar cek inji tana ƙiftawa, ba tsayawa cak ba, saƙon kenan: inji na tsallake wuta, indomi na dahuwa. Lambobin P0300 zuwa P0306 su ne na wannan matsalar. Sauran masu laifin su ne nozul mai zuba, injin da ke shan baƙin mai yana farin hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, top gaskit da ya ƙone ruwan lagireto na shiga silinda, gurɓataccen mai na bakin titi, da kuma gam ɗin silikon da wasu ke shafawa a wurin da bai dace ba. Har yawan tura mota don ta tashi na taimakawa wajen kashe shi. In ka saka sabo ba ka gyara abin da ya kashe tsohon ba, to ka sayo wa injin wani abincin ne kawai, ko da hannunka ka ɗaura ko da hannun oga mafi ƙwarewa a Kano.

Yanzu sai tambayar: kai ko bakanike?

Amsar tana ƙarƙashin motarka, ka shimfiɗa kwali ka kwanta da tocila ka duba abu uku. Ina tukunyar take, da me aka haɗa ta, kuma yaya tsatsa ta ci notunan.

Idan tukunyar tana ƙarƙashin mota a fili, gaba da baya notuna ne suka riƙe ta, kuma kan notunan na nan da kusurwoyinsa, to wannan aiki ne na rabin yini ga duk wanda ya taɓa canja birki ko fulogi da kansa. Hiace tana da tsayi daga ƙasa, wurin motsa hannu ya fi yawa. Na gaban Sienna ma ana iya yi da haƙuri duk da cewa haɗe yake da manifol, wato bututun da ke jikin inji mai tattara hayaƙin silindoji, sai ka cire murfin ƙarfen da ke tare zafi ka bi ta sama da ta ƙasa. Amma na bayan Sienna, P0420 ɗin nan, gaskiya ban ba ka shawara ba sai in kana da rami da dogayen sanduna na soket da wani mai taya ka, wurin matsattse ne, wasu notunan da lalube ake samunsu, kuma idan ƙusar da ke jikin kan inji ta karye a can ciki to aikin ya tashi daga canjin indomi ya koma wani babi mai tsada. Haka idan walda aka yi wa bututun a baya, ko ka sayi katalis irin na gama-gari wanda ba shi da bakin ɗaura noti, yawanci sai mai walda. Sai kuma tsatsa. Tokumbon da ta yi rayuwarta a Kanada ko arewacin Amurka inda ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, za ka ga notunan salansarta sun zama kamar ƙulli-ƙulli, babu kai babu gindi. Waɗannan sai an gasa su da wutar gas kafin su motsa.

Maganar kuɗi kuma, a nan mu ba kamar Turai ba ne. A can kuɗin aikin bakanike na awa ɗaya ya isa ya sa mutum ya shiga ƙarƙashin motarsa da kansa. A nan kuɗin aiki shi ne ƙaramin ɓangare, kayan ne ke da tsada, kuma farashinsu na bin dala. In ba ka da sifanu da jak mai kyau, kuɗin sayensu zai iya fin kuɗin aikin. Don haka ni a ganina ba don ragin kuɗin aiki mutum zai yi da kansa ba, ribar ita ce ka san abin da aka ɗaura maka kuma tsohon ya dawo hannunka. In za ka iya samun waɗannan biyun a gareji to ka kai gareji ka huta.

Sayen kayan

Zaɓi uku ne. Sabon na kamfanin Toyota, wanda shi ne ya fi daɗewa amma kuɗinsa zai sa ka sake kallon motar ka yi lissafin ko ta kai. Sabon na wasu kamfanoni, mai araha, ƙarafan cikinsa kaɗan ne, wani ya yi shekaru wani ko wata shida bai kai ba wutar ta dawo. Sai tokumbo da aka ciro daga wata motar, wanda shi ne yawanci ake samu a Ƙofar Ruwa ko Panteka a Kaduna ko Apo a Abuja ko Ladipo a Legas. Tokumbo mai kyau ya fi sabo mara suna, matsalar ita ce gane mai kyau ɗin.

Ka tafi da lambar shasi, ka ɗauki hoton naka ta kowane gefe, ka ƙirga ramukan sansa. Akwai takarda manne a cikin bonet da ke nuna ko motar ta Kalifoniya ce ko ta sauran jihohi, ɗauki hotonta ita ma, don wasu motocin kayan sun bambanta. A shago ka haska tocila ta baki ɗaya ka leƙa ta ɗayan, ya kamata ka ga ƙananan ƙofofin a jere tsaf haske na ratsawa, babu inda ya narke ya dunƙule, babu gefen da ya gutsure. Ka jijjiga, kada ka ji komai na motsi. Ka juya shi ka nemi sabon ɗinkin walda a jikin tukunyar, musamman ta saman da ba a gani idan an ɗaura, don akwai masu yanka ta su kwashe na ciki su cusa soson ƙarfe ko guntun wani su mayar su fesa fenti. Fenti sabo a kan tsohon kaya abin tambaya ne. Kuma a rubuta a rasit cewa in wuta ta dawo cikin kwana kaza za a canja, duk mai shagon da ya ƙi wannan ka gode masa ka yi gaba.

Kar ka dawo gida sai da sabbin gaskit da sabbin notuna. Toyota na amfani da wani zobe mai kauri a wasu mahaɗan tare da ƙusoshi masu sifirin, tsohon zoben in an kwance shi ba ya komawa daidai.

Idan ka yanke da kanka za ka yi

Aikin yana farawa ne tun daren jiya. Ka fesa WD-40 ko makamancinsa a kan kowane noti da gindin sansa, ka sake fesawa da safe. Makanikanmu man birki suke ɗigawa, yana yi, amma ka kiyaye shi da fentin mota. Mota ta kwana ba a tayar ba, don tukunyar nan tana aiki ne a zafin da ya haura digiri 400, ko awa ɗaya bayan kashe inji za ta iya saɓule maka fata.

Kayan aiki: soket 10 da 12 da 14 da 17, kuma ka nemi masu kusurwa shida don masu goma sha biyu su ke cinye kan noti, doguwar sanda ta ƙara ƙarfi, sifana 22 ta sansa ko soket ɗinta mai tsaga a gefe, burushin ƙarfe, guduma, tocila, safar hannu da tabarau. Tabarau ɗin ba ado ba ne, kana kwance fuskarka sama tsatsa na zubowa, ni sai da na yi kwana biyu ido ɗaya ja wur.

Wurin da za ka yi ya zama daɓe ne a miƙe, ba yashi ba. Ja birkin hannu, saka duwatsu a tayoyin baya, ɗaga motar, sannan ka tokare ta da ƙarafan tokare na gaske a jikin shasi. Don Allah kar ka shiga ƙarƙashin mota jak kaɗai na riƙe da ita, kuma bulon siminti ba abin tokare ba ne, fashewa yake yi ba sallama. Sienna ta kusa tan biyu ko babu kaya. Ka ƙara da tura tayar sifiya a ƙarƙashi, ka girgiza motar da ƙarfi kafin ka shiga, kuma a samu wani a kusa. In a unguwarku akwai mai wankin mota da ke da rami ko tudun hawa, biya shi ɗan wani abu ka yi aikin a can, ya fi komai kwanciyar hankali.

Cire kan batir na nagatif. Sai ka bi wayar kowace sansa har zuwa inda aka jona ta ka zare jonin tukuna, kafin ka sa sifana, in ba haka ba wayar za ta murɗe ta tsinke daga ciki. Ka sa alama wacce ce ta gaba wacce ce ta baya, a Toyota ba iri ɗaya ba ne kuma ba sa musanya, duk da zarensu ɗaya. In sansar ta ƙi kwantuwa bar ta a jiki, in ka sauko da bututun ƙasa ka fi samun ƙarfin murɗawa.

Cire murfin tare zafi in akwai. Kafin ka taɓa manyan notuna ka ɗaure sauran salansar da waya ko ka tokare ta da jak da guntun katako, don kar nauyinta ya rataya a kan manifol. Goge zaren kowane noti da burushi, zaunar da soket ɗin har gindi, ka ɗan buga masa guduma, sannan ka ja a hankali da ƙarfi ɗaya ba fizga ba. Wata dabara da wani dattijon bakanike ya koya min, ka fara ɗan ƙara ɗaurewa kaɗan kafin ka kwance, tsatsar na karyewa. In ya fara motsi sai ya cije, kar ka yi masa dole, mayar baya, fesa mai, sake gwadawa, gaba baya gaba baya har ya fito. Sassauta dukkansu tukuna kafin ka zare ko ɗaya gabaɗaya. Fara zare na baya, sannan na gaba, ka riƙe tukunyar da hannu ɗaya don tana da nauyi fiye da yadda take a ido. Robobin da suka rataye salansa kuma ɗan ruwan sabulu ne maganinsu.

Ga inda ya kamata ka san iyakarka. In noti ya karye a mahaɗin bututu da bututu ba komai, a buge guntun a saka sabo. In kan noti ya cinye ko ƙusar jikin manifol ta karye, tsaya nan, kira mai walda ya zo da gas ɗinsa, kar ka ɗauko diril kana kwance kana huda a karkace.

In ya sauko, leƙa cikin bututun da ke bayansa. Idan tsohon ya farfashe to guntayensa sun gangara baya, suna iya toshe tukunyar da ke biye da shi ko babbar salansar, kuma Sienna irin tawa tana da tukunya ta uku a ƙasa bayan biyun da ke jikin manifol. Kwance ka karkaɗe su, in ba haka ba ka gama aiki mota ta ci gaba da nauyi ka ce an sayar maka da jabu. Rufe hanci lokacin, ƙurar ba ta shaƙa ba ce.

Kankare fuskar mahaɗan har sai ƙarfe ya fito fes. Ajiye sabon kusa da tsohon a ƙasa ka gwada tsayi da lanƙwasa da wurin ramin sansa. In akwai kibiya a jiki, tana nuna inda hayaƙi ke tafiya ne, wato bayan mota. Saka sabbin gaskit a bushe, babu gam. Ɗaura dukkan notuna da yatsa kawai tukuna, ka tabbatar bututu bai taɓa jikin mota ko wayar birki ba, sannan ka ɗaure daga gaba zuwa baya, kaɗan nan kaɗan can don mahaɗin ya zauna daidai. Notunan manifol daga tsakiya ake farawa a fita gefe. Sansa kuma da hannu za ka fara murɗa ta zagaye uku ko huɗu, in ta cije tun farko to ta hau zare a karkace, fito da ita. Ɗan man hana kamewa a kan zaren kawai, kar ya taɓa bakinta. Ɗaurinta ba na ƙarfin tuwo ba ne, wajen Nm 44 ne ga mai sifanar awo. Mayar da wayoyin cikin maƙalansu nesa da bututu.

Jona batir, tayar da mota a fili ba cikin rufaffen gareji ba. Sa wani ya ɗan toshe bakin salansa da tsumma na 'yan daƙiƙu kai kuma kana saurare, duk inda ke zuba zai yi fito. Ɗan hayaƙi da ƙauri a mintunan farko man da ka fesa ne ke ƙonewa.

Idan gareji za ka kai

To ka je da safe ranar da ba ka da wani uzuri, don zama za ka yi. Ku gama ciniki kafin a kwance noti ɗaya, kuma ka faɗa da bakinka tun farko, cikin raha ma ya isa: "Oga tsohon nawa ne fa, da shi zan tafi." In yana so ya saya sai ku yi ciniki a fili a cire daga kuɗin aiki, wannan halas ne, amma ka fara jin farashi a wurin masu saye biyu ko uku. Ka sayo kayan da kanka ko ku je kasuwa tare. Ka ɗan yi wa sabon alama da ƙusa a wani lungu ka ɗauki hoto. In lokacin sallah ya yi ku tafi masallaci tare da ogan, ko ka kulle kayan a but. Ba wai duk makanikai haka suke ba, wanda ya yi min na bayan Sienna mutumin kirki ne, ya yi wuni yana fama hannunsa duk ya kukkuje kuma shi da kansa ya miƙo min tsohon a buhu. Amma mota na wucewa ta hannun yara da yawa a gareji.

In walda za a yi, a cire kan batir, a cire sansa, a sa faranti tsakanin wuta da tankin mai da bututun fetur, kuma a ɗan ɗiga walda a wuri biyu uku a duba zaman bututun kafin a zagaye shi duka. In an ce maka za a saka wani ɗan ƙarfe a gindin sansar baya wuta ta mutu, ka sani wutar kawai aka rufe wa baki, indomin na nan yadda yake.

Batun a fasa a zubar kuwa, ba zan yi maka ƙarya ba, in toshewa ce mota za ta saki nan take, kuma na san akwai ranar da mutum ba shi da kuɗin sabo ga iyali na jiran abin da motar za ta kawo. Amma ka san me ka saya. Wutar cek inji za ta zauna a kunne har abada, ranar da wata matsalar ta gaske ta zo ba za ka sani ba. Ƙarar motar za ta canja ta koma kamar gwangwani. Hayaƙin kuma mai yaji ne, kuma a bas ko Sienna da robar ƙofar bayanta ta saki, waɗanda ke kujerar ƙarshe su ke shaƙarsa tun daga tasha har a sauka, su ne za ka ji suna cewa kansu na ciwo. In dole ta sa, to aƙalla a kwance tukunyar a fasa a gabanka, garin ya shiga ledarka ba ta yaron gareji ba, ka sayar ka ajiye kuɗin a matsayin kafin alƙalamin sabo.

Bayan an gama, ko kai ka yi ko gareji, a goge lambar da na'ura, amma kar ka yi murna don wuta ta mutu a ranar. Kwamfutar sai ta sake gwada katalis ɗin da kanta, tana buƙatar inji ya ɗau zafi sosai a yi tafiya mai ɗan nisa a gudu ɗaya, kuma sai ta ga matsala a tafiya biyu kafin ta kunna wuta. Don haka ka ba ta kamar mako guda, ka hau babban titi sau biyu ko uku, sannan ka jona na'ura ka duba ko gwajin katalis ya nuna an kammala babu lamba a jira. Ka tabbata wannan makon ya faɗo cikin kwanakin da mai shago ya rubuta maka a rasit. Ranar da mota ta huce kuma ka sake shiga ƙasa da soket 14 ka bi notunan ɗaya bayan ɗaya, zafi da sanyi na sa su saki, nawa biyu na samu sun ɗan yi lako-lako a kwana na biyar.